Daga shirya duwatsu don sha'awa zuwa sana'a: da me ake farawa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar duwatsun ado. Mace ce hannunta ya faɗa, tana shirya sarƙa da 'yan kunne da abin hannu don sha'awa, yanzu tana so ta mayar da abin sana'a. Jarin da ke hannunta naira 60,000 ne. Me za ta fara saya, me za ta bari sai gaba? Kuma yaya ake yanka wa kaya farashi? Ni a ganina duwatsu ne ya kamata su cinye mafi yawan kuɗin, tunda su mai saye ke gani. Ku gyara mini idan na kuskure.

Hajiya_Mai_Tsakiya:
Wa alaikumus salam. Ummu Hanan, a nan zan fara gyara miki. Dutse ne ke jawo ido, gaskiya ne, amma da wuya a dawo da kaya saboda dutse. Abin da ake dawo da shi a kai zare ne da ya tsinke, ko huk (maɓallin sarƙa) da ya ɓalle, ko ƙugiyar ɗan kunne da ta koɗe. Don haka kayan haɗi su ne na farko.

Filaya uku dole ne: mai zagayayyen baki don lanƙwasa waya, mai faffaɗan baki don riƙewa da matsewa, sai ta yanka. Kada a yanka taiga tel, wato siririyar wayar da ake zura duwatsu, da almakashin ɗinki, zai dakushe almakashin kuma ya tarwatsa bakin wayar. Sai tef ɗin awo na tela, da tire da aka shimfiɗa wa tawul don kada duwatsu su riƙa gangarewa. Waɗannan sau ɗaya ake sayensu. Bayan su sai sitofa (ɗan ƙaramin ƙarfe mai rami da ake matsewa ya riƙe bakin waya), 'yan zobban haɗi, huk, fil mai kai, da ƙugiyoyin 'yan kunne. Duwatsu kuwa launi huɗu ko biyar sun isa a farko, waɗanda suke shiga da juna.

Maman_Ilham:
Na goyi bayan Hajiya. Ƙari a kan zare, domin kowane aiki da nasa:

Zaren kamun kifi mai kaurin milimita 0.25 ko 0.30 na saƙar ƙananan duwatsu ne, inda zare zai ratsa dutse ɗaya sau biyu ko uku. Mai 0.50 zuwa sama na jaka ne da kayan da ake so su tsaya ƙyam. Matsalarsa ita ce bakin ramin kiristal yana da kaifi, yana cin zaren a hankali har ya tsinke. Sarƙar kiristal ko ta dutse mai nauyi taiga tel take so, 0.38 ga marar nauyi, 0.45 ga mai nauyi. Taiga tel siraran wayoyi ne aka murɗa aka lulluɓe da roba. Akwai mai sili 7, mai 19, da mai 49. Mai 7 ce ta fi araha kuma ita ta fi yawa a kasuwa, amma idan ta lanƙwashe sau ɗaya ba ta miƙewa, lanƙwasar tana nan har abada. Shi ya sa ba a cusa irin wannan sarƙa a ƙaramar leda, naɗe ta ake yi da faɗi.

Zee_Kaduna:
Ni tambayata a kan sitofa ce. Me ke sa sarƙa ta zame daga cikinta ko da an matse sosai?

Maman_Ilham:
@Zee_Kaduna abu uku ne yawanci. Na ɗaya, sitofar ta yi wa wayar yawa. Mai milimita 2 ita ce daidai da 0.38 da 0.45. Na biyu, wayoyin biyu sun hau kan juna a ciki lokacin matsewa, ya kamata su kwanta gefe da gefe. Na uku, an matse da ƙarfin da ya wuce kima har sitofar ta tsage ko ta yanke robar wayar. A sarƙa mai nauyi ki sa sitofa biyu a kowane gefe, ki mayar da wutsiyar wayar cikin duwatsu uku ko huɗu kafin ki yanke.

Sannan kafin ki matse gefe na biyu, ki lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira kamar tana wuya. Idan kika matse tana miƙe a kan tebur, za ta yi tauri, ba za ta kwanta a wuya ba, kuma ranar da aka lanƙwasa ta duwatsun za su danne juna su ja wayar.

Anti_Balki:
A ƙara da zoben haɗi. Ba a buɗe shi ta hanyar ja baki biyun su rabu. Filaya biyu ake sawa, a murɗa ɗaya gaba ɗaya baya, a rufe ta hanyar da aka buɗe. Wanda aka ja ba ya komawa da'ira, kuma ta wannan 'yar kafar taiga tel ke sulalewa.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri. To abin hannu na roba fa? Shi ne ya fi saurin fita a wajen 'yan mata.

Hajiya_Mai_Tsakiya:
Shi ne kuma ya fi saurin dawowa idan ba a kula ba. Roba mai 0.8 ta dace da dutse mai milimita 6 zuwa 8, mai 1.0 kuma ga milimita 10 zuwa sama. Kafin a zura ko dutse ɗaya a ja robar sau uku ko huɗu ta gama talewarta, in ba haka ba bayan mako guda za a ga rata tsakanin duwatsu. Ƙulli: a ɗaura na farko, na biyun a zagaya sau biyu kafin a ja, a ja ta ɓangarori huɗun, a ɗiga gam kaɗan, a bar shi ya bushe, sannan a ja ƙullin ya ɓuya cikin dutse mai faɗin rami. Kada a sa sufa gulu. Yana busar da robar ta yi ƙamas ta karye daidai wajen ƙullin, kuma yana barin farin hazo a jikin kiristal. Gam irin G-S Hypo Cement ya fi, in babu shi jan farce marar launi ya fi sufa gulu.

Awo kuma ga lissafinsa. Dutse yana cin wuri ta ciki, don haka tsawon zare ba daidai yake da kewayen hannu ba. Hannu mai santimita 16 da dutse mai milimita 8 yana buƙatar kusan santimita 18 da rabi, wato dutse 23. Silin dutse da ake sayarwa mai tsawon santimita 38 yana ɗauke da kusan 47 na wannan girman. Ke nan sili ɗaya abin hannu biyu ne cif, da ɗaya a sama. Wadda ta san wannan ta san kuɗin kayanta tun tana tsaye a gaban mai shago.

Malam_Sani_Kurmi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma zan ja hankali kan dutsen kansa, kada a ɗauka duk ɗaya ne. Kafin a yi sari a gwada. A jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a murza dutse ɗaya. Idan launi ya fito, rini ne ko fenti a bayansa, kuma gumi da humra za su yi masa abin da audugar ta yi. Gilashi yana da sanyi a hannu da nauyi, roba ba ta da nauyi kuma sau da yawa za a ga layin haɗi a tsakiyarta. Duwatsu masu kama da lu'ulu'u a duba bakin ramin, daga nan fatar ke fara saɓulewa.

Sai maganar murjani. Mafi yawan jan dutsen da ake kira murjani a kasuwa gilashi ne, ko roba, ko farin murjani da aka rina. Babu laifi a yi aiki da shi, laifin shi ne a sayar da shi da sunan na asali. A faɗa wa mai saye abin da yake saye.

Fati_Damagaram:
Malam Sani, haka ma maganar azurfa. A nan wajenmu maƙeran Buzaye, musamman na Agadas, suna ƙera 'yan kwalliyar wuya da ake iya ratayawa a tsakiyar sarƙar duwatsu. Da kakin zuma ake fara siffanta abin, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, sannan a goge da zarto a zana. Ɗaya daga cikinsu a tsakiyar baƙaƙen duwatsu yana ɗaga darajar sarƙa sosai. Amma ba duk fari ne azurfa ba. Akwai farin ƙarfe da ake haɗawa da tagulla da nikel, babu ɗigon azurfa a ciki. Azurfar da ake kira 925 tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe. Hatimin 925 shi kaɗai ba hujja ba ne, kowa na iya buga shi. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama, domin ba ya kama azurfa, ba ya kama tagulla. A sayi azurfa a kan sikeli, giram-giram, a wajen maƙerin da aka sani.

Anti_Balki:
Kuma a kula da kalmar "silba". A bakin 'yan kasuwa silba launi ne kawai ko farin ƙarfe, ba azurfa ba. Idan kina nufin azurfa ki ce azurfa.

Ummu_Sadiq:
Tunda an shigo azurfa, a tuna hukuncinta. Hadisin Ubadatu ɗan Samit ya zo da sharaɗin hannu da hannu a cinikin zinariya da azurfa, kuma mafi yawan malaman wannan zamani sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci. Ke nan ba a ba da kayan azurfa bashi ko biya kaɗan-kaɗan kamar yadda ake ba da na duwatsu. Akwai malaman da suka sassauta a kan abin da aka riga aka ƙera ya zama kayan ado, don haka wadda za ta shiga wannan ɓangaren ta zauna da malami tukuna.

Zee_Kaduna:
Da jarin 60,000 ai azurfa ta yi nisa. Mu dawo kan abin da za ta iya. Ƙugiyar 'yan kunne wacce za ta saya, tunda mata da yawa kunnensu na ƙaiƙayi?

Nurse_Hauwa:
Ƙaiƙayin da kumburin yawanci daga nikel ne, wanda ke cikin ƙarafa masu araha ko a ƙarƙashin ruwan gwal ɗin da aka shafa musu. Da ruwan ya goge, fata ta haɗu da shi. Sitenles mai lamba 316L yana ɗauke da nikel shi ma, amma ba ya sakinsa da yawa, shi ya sa mafi yawan mutane ke jure shi. Wadda fatarta ba ta jure ko wannan sai titaniyom ko azurfa ta gaske. Koren da tagulla ke bari a fata kuwa ba cuta ba ce, jan ƙarfen ciki ne ke haɗuwa da gumi, sabulu na wanke shi.

Roƙona ɗaya: kayan jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara uku a bar su. Zare na tsinkewa, dutse ya tafi baki ko hanci, kuma wasu ƙarafan masu araha suna da dalma a ciki.

Hajiya_Mai_Tsakiya:
Madalla da wannan. Ummu Hanan, ga amsar rabin tambayarki ta biyu, wato farashi. Alƙaluman misali ne kawai, ki sa na kasuwarku.

A ce saitin sarƙa da 'yan kunne ya ci duwatsu da kayan haɗi na 2,400. Ki ƙara kashi 10 cikin ɗari na asara, domin a kowane sili akwai fasasshe da marar rami: 240. Leda da kati da kwali: 300. Rabon kuɗin mota zuwa kasuwa da na data: 300. Aikin ya ɗauki awa ɗaya da rabi, kin yanka wa kanki 1,000 a awa: 1,500. Jimla 4,740. Har yanzu ba a zo riba ba, wannan abin da kayan ya ci ne. Ki ɗora kashi 30: ya kama wajen 6,200.

Masu farawa suna tsallake layin ladan hannu, sai su ga 2,400 su sayar 3,500 su ce sun ci 1,100. Bayan an cire leda da mota da fasassun duwatsu, abin da ya rage bai kai 300 ba, a kan aikin awa ɗaya da rabi.

Abban_Khalifa:
Hajiya, ranki ya daɗe, a nan ban yarda gaba ɗaya ba. Lissafin daidai ne a takarda, amma mai saye tana da saitin kanti na ƙasar Sin a gefe, mai walƙiya, a ƙasa da wannan kuɗin. Wadda ba a san ta ba tukuna idan ta ce 6,200 za a ce albarka a wuce. Gara ta sassauta ladan hannun a watannin farko har ta samu masu saye, daga baya ta ɗaga.

Hajiya_Mai_Tsakiya:
Abban Khalifa, ɗagawar ce mai wuya. Wadda ta saba saye a 3,500 ranar da aka ce mata 6,000 gani za ta yi an cuce ta. Idan ana son jawo mutane, a faɗi farashin gaskiya, sannan a ce an yi ragi na buɗe kasuwa zuwa rana kaza. Kowa ya san ainihin kuɗin ke nan.

Maman_Ilham:
Ku duka kuna da hujja, amma ni ina ganin kuskuren shi ne yin abin da kanti ke yi. Inji ya fi hannu sauri, ba za a yi tsere da shi ba. Abin da kanti ba ya iyawa shi ne a kawo miki ƙyallen atamfa ko leshi ki haɗa duwatsun da suka shiga da shi, ko ki yi wa mai kaurin wuya santimita 50 maimakon 45, ko ki gyara tsohuwar sarƙar da ta tsinke. Gyara ma ba ya cin jari, zare ne da huk, kuma shi ke kawo masu saye.

Wata hanyar rage tsadar ladan hannu ita ce yin abu iri ɗaya da yawa a zama ɗaya. 'Yan kunne guda goma sha biyu: a zura duka a fil, a yanke duka a bar santimita ɗaya a sama, a lanƙwasa duka, a naɗe duka. Lokacin kowane ɗaya yana raguwa sosai.

Malam_Sani_Kurmi:
Abin da ba a faɗa ba: a yi lissafi da farashin yau, kada a yi da na ranar da aka saro. Kusan duk kiristal da sitofa da huk daga waje suke zuwa, dala suke bi. Kowa ya ga yadda kaya suka tashi bayan an saki naira a watan Yunin 2023. Wadda ta sayar a kan tsohon farashi za ta koma kasuwa ta tarar kuɗin ba ya sayen abin da ta sayar, alhali a littafinta riba ta rubuta.

Rabi_Kumasi:
Gaisuwa daga zango. Maganar Malam Sani ta sa zan ce a duba duwatsun gida. A nan Gana mutanen Krobo suna daka kwalabe su zama gari, su zuba a 'yan ramukan yumɓu, su tsaya da karan ganyen rogo a tsakiya, su gasa. Karan ya ƙone ya bar rami. Ana cin kasuwarsu a Koforidua ranar Alhamis. Ku ma kuna da masu narka gilashi na Masaga a Bida, da maƙeran tagulla a garin. Irin waɗannan ramukansu na da faɗi kuma ba su zama girma ɗaya, don haka siririn zare ba ya riƙe su da kyau. Igiya mai kakin zuma ta milimita 1 zuwa 1.5 ake sawa, ko a sa ƙaramin dutse a kowane gefe ya toshe ramin. A wanke su kafin aiki, suna zuwa da ƙurar yumɓu a ciki.

Zee_Kaduna:
Anti Rabi, suna da kyau, amma masu sayen kayan biki a nan walƙiya suke nema. Waɗannan sun fi tafiya a wajen masu son kayan gargajiya da baje koli.

Anti_Balki:
Tunda an ambaci biki, ga ƙa'idar anko. Kada a taɓa dutse sai an karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin kayan duka, kashi 60 zuwa 70. A yi samfuri ɗaya, a ɗauki hotonsa kusa da atamfar da hasken rana, uwar biki ta amince a rubuce a WhatsApp. Sannan a sayi duwatsun gaba ɗaya rana ɗaya, da ƙarin kashi 15 a sama. Dalili: launi ɗaya daga kwali daban yakan bambanta kaɗan, kuma idan ƙawayen amarya suka jeru bambancin zai fito. Kullum kuma sai an samu masu shigowa a makare.

Bashi kuwa, an ce hanji ne yana cikin kowa, amma jarin 60,000 ba ya ɗaukarsa. Saiti biyar a hannun dangi "sai ƙarshen wata" rabin jarin ke nan ya kwanta.

Ummu_Sadiq:
Kada a manta da carbi da jigida, su ba sa jiran biki. Carbi 33 ne ko 99 da alama bayan kowane 33. Zaren nailan saƙaƙƙe ake sawa, ba roba ba, kuma a bar rata ta santimita 2 zuwa 3 don duwatsun su riƙa gudana a yatsa. Yana fita da azumi da lokacin dawowar alhazai. Jigida kuma a karɓi awon daidai inda mai ita take so ta zauna, a zaɓi gilashin da launinsa ke ciki, domin mai fenti a baya ba ya jure wanka da gumi.

Abban_Khalifa:
Ɓangaren talla a taƙaice. Hoto kusa da taga da safe, a kan farin kwali, ba filasha, ba tace launi, domin launin da aka gani a waya shi za a nema a hannu. A sayi gunkin wuya ɗaya na baje sarƙa, a rubuta tsawo da farashi a ƙarƙashin kowane hoto. WhatsApp Business yana da wurin jera kaya kyauta. Asusun sana'a ya zama daban da na cefane tun ranar farko. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, tana da amfani idan an zo buɗe asusun banki da sunan sana'a, amma ba daga cikin wannan 60,000 ɗin ba.

Aika kaya ta tasha: kowane abu a ledarsa, auduga a kewaye, kwali mai tauri, a karɓi lambar direba a tura wa mai kaya.

Fati_Damagaram:
A saka 'yar takarda a cikin kowane kwali: a shafa humra da mai a bari su bushe kafin a sa sarƙa, a cire kafin wanka, kada a turara kaya da sarƙa a jiki, a goge da busasshen ƙyalle a mayar leda. Da damina a jefa 'yan ƙunshin busar da danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a cikin robar kayan haɗi. Kada a ɗaure azurfa da robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta ta.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai. Idan na fahimta, rabon zai zama kamar haka: 12,000 kayan aiki, 15,000 zare da kayan haɗi, 20,000 duwatsu, 5,000 leda da kati, 8,000 a ajiye. Ya yi?

Hajiya_Mai_Tsakiya:
Ya yi kusa. Ni zan rage duwatsu zuwa 15,000 in kai ajiyar 13,000, domin oda ta farko za ta zo da launin da babu shi a tire.

Malam_Sani_Kurmi:
Ni kuma akasin haka, Hajiya. Kuɗin da ke kwance yana raguwa, dutse ba ya ruɓewa. A zuba a baƙi da fari da ruwan gwal, su ba sa kwantai.

Maman_Ilham:
Ummu Hanan, a wane gari take, kuma wa take sa ran zai fara saye, 'yan makaranta ko matan aure? Idan 'yan makaranta ne roba da dutse mai milimita 6 za su fi yawa a cikin sarin, taiga tel naɗi ɗaya ya ishe ta.